Mai gidan haya, auna hayarka da buhun siminti

Duk wanda ya ɗan samu wasu kuɗi a garin nan namu na Kano, ko giratuti aka biya shi, ko gado ne ya faɗo masa, ko kuma kasuwa ce ta yi masa kyau shekara biyu a jere, shawarar farko da zai ji daga 'yan uwa da abokan majalisa ita ce "Alhaji ka gina gidan haya kawai ka huta". Wai ƙasa bata ruɓewa, wai kana kwance kuɗi na shigo maka. Rabin maganar gaskiya ne, ƙasa kam bata ruɓewa. Amma ginin da ke kanta yana ruɓewa, nairar da ake biyanka da ita ma tana ruɓewa, ita kuwa kwanciyar da ake ta faɗa, ni dai shekara ta bakwai kenan da aka ɗora min kula da gidan hayar da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, har yau ban ga ranar kwanciyar ba.

Ba wai ina hana kowa gini bane. Matsalar ita ce yawancinmu bamu san ta ina ribar gidan haya take fitowa ba, shi yasa muke ta nemanta a inda bata nan.

Ɗauko biro mu yi lissafi, na misali ne, kowa ya sa nasa farashin. Mu ƙaddara ka sayi fuloti a wajen Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko can Mariri a kan naira miliyan 10, ka zuba miliyan 30 ka fitar da ciki da falo guda huɗu, kowanne da kicin da banɗakinsa, ka ja katanga ka sa get. Miliyan 40 ta tafi kenan. Ka sa kowane ɓangare dubu 500 a shekara, huɗun sun haɗa maka miliyan 2. Miliyan 2 a cikin 40 kashi 5 ne cikin ɗari. Wato ko da ace ba a taɓa samun ɗakin da ya kwana babu kowa ba, babu wanda ya taɓa cinye maka haya, babu famfon da ya taɓa ɓallewa, sai ka shekara 20 cur kafin uwar kuɗinka ta dawo. To wa ya taɓa ganin irin wannan gidan? Cire fenti, cire kwashe shadda, cire injin bohol da zai ƙone ba sallama, cire kwanon da iskar farkon damina zata ɗaga, cire wata biyu ko uku da ɗaki ke zama a kulle tsakanin fitar wani da shigowar wani, sai ka ga abin da ya tsaya a hannunka da ƙyar ya kai miliyan 1 da dubu 400. Kashi 3 da rabi kenan. A ƙasar da hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

Abin dariyar ma, sukuk ɗin (takardar zuba jari irin ta Musulunci) da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100 don aikin tituna, shi ma da sunan haya ake biyan ribarsa, ijara ce, kuma kashi 16.47 ya dinga bayarwa duk shekara, babu ɗan haya babu yoyo babu dillali. Kaga in dai kuɗin shiga na shekara-shekara kawai mutum yake nema, gida baya ko kusa.

Amma dakata, kar ka yi saurin cewa ashe masu gini duk wauta suke. Shi wanda ya sa miliyan 10 a sukuk ɗin nan a 2017, da shekara bakwai ɗin ta cika a 2024 miliyan 10 ɗinsa aka dawo masa da ita, ita ɗin dai. Lokacin da ya saka dala bata kai naira 400 ba, lokacin da aka dawo masa da su ta haura 1,500. Shi kuwa wanda ya sayi fuloti a bakin gari a shekarar, gari ya zo ya same shi, an yi kwalta, an kawo wuta, an gina masallacin Juma'a da makarantar kuɗi a layin, je ka taya filin yanzu ka ji. Nan ribar take. Gidan haya abu biyu ne aka haɗa maka a takarda ɗaya: fili wanda galibi sama yake yi, da gini wanda tun ranar da magini ya sauko daga kansa ya fara tsufa. Kuɗin haya kuwa, in ka duba da kyau, kusan ladan gadi ne da kuɗin maganin ginin, su ne ke riƙe shi a tsaye har filin ya yi tsada. Wanda ya ɗauke su a matsayin riba tsantsa ya cinye, ginin yake ci bulo bayan bulo bai sani ba.

Shi yasa ni na daina ƙirga hayarmu da naira, da buhun siminti nake ƙirgawa. A farkon 2020 buhu yana wajen naira 2,600, ɗakin da muke karɓar dubu 250 a lokacin yana sayen buhu 96. A Fabrairun 2024 siminti ya haukace har ya haura dubu 10 a wurare da dama, sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a dawo da shi tsakanin dubu 7 zuwa 8. To ka ɗauki dubu 8 ɗin ma. Mun ƙara haya ta koma dubu 400, 'yan haya suna ta ƙorafi wai mun zama azzalumai, mu kuma a gida ana murna an samu ƙari, alhali dubu 400 ɗin buhu 50 take saya. Daga 96 zuwa 50. An ƙara mana kuɗi an rage mana gida.

Me yasa haya bata bin tsadar gini? Saboda ba uwa ɗaya ta haife su ba. Siminti da rodi da kwano da tayil da waya dala suke bi da dizal, tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya ko tifar yashi sai da ta canza farashi. Ita kuwa haya albashi take bi da cinikin ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 a 2024, a Kano aka ce dubu 71, ka ninka sau 12 bai kai dubu 900 ba a shekara, a ciki za a ci abinci a biya makaranta a hau adaidaita. Ko nawa ka kashe a gininka, ba zaka karɓi abin da babu shi a aljihun mutum ba. Rufin hayar unguwa samun mutanen unguwar ne, ba rasit ɗin ɗan kwangilarka ba.

Wannan shi ne abin da masu gina ƙaton gida a unguwar talakawa basa ganewa. Mutum ya tafi cikin lungu ya zuba silin na zamani da fitilu kala-kala da tayil ɗan waje har jikin katanga, ya ce miliyan ɗaya da rabi yake so, shekara ta zagayo gidan na kulle ƙadangaru na gadi. Mai miliyan ɗaya da rabi Nasarawa yake so ko Hotoro ko wajen titin Zoo, ba zai shigo lungun da mota bata juyawa ba ko da ƙofar zinare ka sa. A ganina ƙananan ɓangarori sun fi tsira, ciki da falo ko ɗaki biyu da falo, domin masu nemansu basa ƙarewa, duk wata ana ɗaura aure, kuma in ɗaya ya fita ukun suna biya. Babban gida guda ɗaya in ya zama babu kowa, shikenan samunka ya koma sifiri. In filin yana bakin titi ka fitar da shago biyu a gaba, sau tari shagon ya fi ɗakin kawo kuɗi kuma babu ruwansa da shadda. Ɗakunan ɗalibai irin na Danbare da Rimin Gata kusa da sabuwar BUK, ko Samaru a Zariya, suna kawo kuɗi fiye da na iyali in ka lissafa ɗaki-ɗaki, amma ɓarnarsu ta fi yawa, sannan kar a manta da 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta tafi yajin aiki tun 14 ga Fabrairu sai 14 ga Oktoba ta dawo, wata takwas, masu ɗakunan nan su za su baka labari.

Tunda kuwa mun ce ribar a filin take, to takardar filin ita ce jarin gaba ɗaya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna, abin da kake da shi izinin zama ne, satifiket ɗin mallaka ma galibi na shekara 99 ne. Yawancin unguwannin da ake gina gidan haya a Kano awon igiya ne, gona ce aka yanka aka sayar da takardar mai unguwa da shaidu. Ba haramun bane, rabin garin haka ya ginu, amma farashin filin awon igiya da na filin gwamnati ba ɗaya bane kuma ranar da za a fitar da titi ba ɗaya za a yi musu ba. Ka je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a duba maka (in Abuja ne AGIS), ka nemi izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kuɗin da zaka kashe a nan bai kai na fentin falo ɗaya ba wani lokacin. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauransu, ya nuna wani abu kuma: ko da takarda a hannu, in asalin wurin na jama'a ne, wata gwamnatin tana iya zuwa ta ce bata san zance ba. Duk filin da aka ce maka "da makaranta ce" ko "da hanyar ruwa ce amma an gyara", ka sa takalminka.

Yanzu mu shigo cikin gidan, inda ainihin aikin yake.

Zaɓen ɗan haya ya fi farashin haya muhimmanci, nesa ba kusa ba. Kuma a nan ne dillali yake shigowa. Ni bani da faɗa da dillalai, sana'a ce, akwai na kirki da yawa, amma ka gane yadda cinsu yake: la'adarsa, galibi kashi 10 na hayar, ranar da aka shiga yake karɓa. In mutumin ya zauna shekara goma lafiya, dillali bai ƙara samun ko sisi ba. In ya fita bayan shekara ɗaya, sabuwar la'ada. Kaga buƙatarka da tasa sun raba hanya tun daga nan. Shi ne zai zo maka da "Alhaji wallahi gidan nan naka an yi masa arha, akwai wanda zai ba da ƙarin dubu 100 yau ɗin nan". Kafin ka ji daɗi yi lissafi. Ka tashi mutumin da ke biya a kan lokaci, ɗaki ya zauna wata uku a kulle, a kan hayar dubu 500 asarar dubu 125 kenan, ka sake fenti ka canza makullai ka gyara abin da sabon zai ce sai an gyara kafin ya shigo, wata dubu 100 ɗin ta tafi, ƙarin shekara biyu ya ƙone tun kafin ka san halin wanda ka saka. Gara ka dinga ƙara kaɗan-kaɗan duk shekara ko shekara biyu, ka sanar da wuri, da ka yi shiru shekara biyar don kunya sannan rana ɗaya ka ninka, ranar ce ake zama abokan gaba.

Masu gida a nan sun fi son ango, kowa ya sani. Ango yana zuwa da kuɗinsa a dunƙule saboda dole ya nuna wa dangin amarya inda za a yi jere, shi zai yi fenti da kansa ma, mutum biyu ne kacal a ɗakin. Amma na ga wani abu da idona. Ranar jere 'yan uwan amarya suka zo da mai labule da kafinta, kafin la'asar an huda bango ya fi wuri talatin, an kafa kabad a kicin an fasa bututun ruwan da ke cikin bango ba wanda ya lura, sai bayan sati biyu maƙocinsu ya kira ni wai bangon ɗakinsa na gumi. Na je na samu angon, yaro mai kunya, yana ta "wallahi Yaya ban san an yi ba, ina wajen ɗaurin aure". Ya zan yi da shi? Ni na biya mai gyaran famfo. Sannan shekara ta biyu ita ce gwajin ango, lokacin kuɗin biki sun ƙare, ga haihuwa ga ragon suna, a nan zaka san ko samunsa ya kai hayar ko dai rufin asirin biki ne aka yi.

A gefe guda kuma ana gudun gwauro, ana gudun bazawara ko macen da ke zaune da 'ya'yanta ba miji, wai za a ɓata unguwa. Ni dai abin da na gani, wadda ta fi kowa biya a kan lokaci a gidanmu wata malamar asibiti ce da mijinta ya rasu, tun saura wata guda take turo kuɗinta ta kuma turo hoton rasit ta WhatsApp. Wanda ya fi bamu wahala kuwa magidanci ne mai jamfa da hula da carbi, wanda liman ɗin unguwa da kansa ya rako. Abin tambaya a kan ɗan haya shi ne me yake yi, a ina, mutum nawa ne za su zauna, me ya fito da shi daga inda yake. Ka daure ka je tsohon gidan ka gaisa da mai gidan ko mai shagon ƙofar gidan, minti goma zasu gaya maka abin da shekara zata koya maka.

Na ɗan uwa kuwa ba sai na ja ba. In zaka ba ɗan uwa ko aboki gida, ka yanke tun farko a ranka ko haya ce ko taimako. In taimako ne ka sa a sadaka ka samu lada. Wanda ya ce haya ce amma "ai namu ne ba sai an rubuta ba", zai rasa kuɗin ya rasa zumuncin.

Rubutu. Mu Hausawa muna ganin neman a rubuta kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi take. Yarjejeniya ba sai ta yi shafi ashirin ba: ranar shiga, ranar ƙarewa, nawa ne, wa zai gyara me, mutum nawa, ba a saka wani a ɗakin ba da saninka ba, ba a fasa bango ba izini, kuɗin ajiya na ɓarna nawa ne kuma yaushe ake mayarwa. Ka ɗauki hoton ɗakin da waya ranar da ka miƙa makulli. Amfanin wannan takarda sai ranar rabuwa yake fitowa, domin doka bata san "gidana ne" ba. A yawancin jihohi, in babu wani wa'adi da kuka rubuta, mai biyan shekara-shekara sai an bashi notis na wata 6, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan wata-wata wata 1, na sati kwana 7. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a sake bashi wata takardar ta kwana 7 cewa zaka je kotu, sannan kotu ce zata fitar da shi, ba kai ba. In kuwa yarjejeniyarku ta ƙayyade ranar ƙarewa ƙarara, ranar ta zo ba a sabunta ba, galibi ta kwana bakwai ɗin nan ce kawai ta rage maka. Kaga bambancin takarda ɗaya, wata shida ne. Kuma kuskure kaɗan a notis, ko kwanan wata ko sunan da aka sa, lauyan ɗan haya zai sa a ce a koma farko, shi yasa gara ka biya lauya ya rubuta da ka kwafo a intanet.

Wani maƙocinmu da haƙurinsa ya ƙare, ɗan haya ya shekara bai biya ba, sai ya kira kafinta ya cire ƙofar ɗakin da tagogi yana cewa ai in sauro ya cije shi zai fita. Ƙarshenta shi mai gidan ne ya kwana yana bayani a ofishin 'yan sanda, ya mayar da ƙofa da kuɗinsa, ɗan hayan ya ƙara wata huɗu a ciki kyauta. Cire kwano, kulle get, yanke wuta, watso kaya waje, duk doka bata yarda ba ko nawa kake bi. Na san da ciwo, amma haka abin yake. Sau da yawa ma mafi arha shi ne ka kira mutum gaban mai unguwa ka ce na yafe maka wata ukun nan, ga kuɗin mota, ka bani makullina ranar kaza. Yana kama da an cuce ka, amma in ka auna da shekara guda ta zaryar kotu ɗaki na hannun wani, ka ci riba.

Karɓar hayar shekara biyu a dunƙule ma ina ganin tarko ne ga mai gida, ba ga ɗan haya kaɗai ba. A Legas dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni. Ko babu doka, a zamanin da farashi ke gudu haka, ka karɓi kuɗin baɗi da farashin bana, ka kashe su a wata biyu, sannan ka zauna wata 22 kana gyara gida daga aljihunka kana jin haushin mutumin da bai maka laifin komai ba.

Rigimar gidan haya kuwa kashi mafi yawa ba a kan haya bace, a kan abin da aka haɗa ne: wuta, ruwa, shadda, shara, wankin tsakar gida. Mita ɗaya ga gida huɗu fitina ce da ka saya da kuɗinka, wannan yana da firiza wancan yana da hita kowa na cewa ɗayan ne ke shanye wuta, bil ya taru, su fita su bar maka bashi a kan gidanka. Tunda aka mayar da 'yan layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 abin ya ƙara zafi. Kowa da mitarsa mai kati, a wuce wurin. Bohol kuma in ka haƙa, ka rubuta wa ke sayen wutar tura ruwa, wa ke gyara in ya ƙone, in ba haka ba duk ranar da aka wayi gari ana sayen jarka wajen 'yan garuwa wayarka ce zata yi ƙara tun asuba. Ni abin da nake yi yanzu, duk hayar da ta shigo ina cire kashi 20 in ajiye a wani asusu daban wanda ko katinsa bana yawo da shi, kuma kafin damina, wajen Afrilu, nake hawa da kafinta mu duba kwano da indararo. Ƙusa ɗaya da ta saki a watan Afrilu, in ka barta, silin ne guda a watan Agusta.

Akwai wata hanya da ake yi a Kano da wasu garuruwa wai jingina, mai gida ya karɓi dunƙulallen kuɗi, mai kuɗin ya zauna a gidan ba haya har ranar da za a dawo masa da kuɗinsa cif. Masu gida na ganin sun samu jari ba ruwa, amma malamai da yawa sun ce bashi ne da ya jawo amfani, wato dai kuɗin ruwan da ake gudu ne ya shigo ta taga. Ta fuskar lissafi ma, na ga wanda ya kasa haɗa kuɗin fansa har gidan ya tafi a arha. Zakka kuwa, abin da malamanmu ke karantarwa shi ne ba a fitarwa a kan ƙimar gidan da aka ba da haya, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi shekara ta zagayo musu.

Haraji ma ya kusa daina zama labari. In kamfani ko ma'aikata ce ta kama gidanka, dama suna cire kashi 10 su tura wa hukuma kafin su baka, ka karɓi shaidar cirewar ka ajiye. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na hayar da ya biya a shekara daga samun da ake yanka masa haraji a kai, iyakarsa dubu 500. Ma'ana ma'aikacin da ke gidanka yanzu yana da dalilin neman rasit na gaske ya kai ofis, kuma a jikin rasit ɗin sunanka ne.

Sai gado, wanda shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Gidan haya na mutum ɗaya jari ne, na mutum goma sha ɗaya kuwa taro ne. Mu haka muke, maza da mata da iyayenmu mata biyu masu tumuni. Kowa ya san ranar da haya ke shigowa, ba wanda ya san ranar da shadda ke cika. Wannan yana so a sayar a raba ya ja jari, wancan ya ce ba za a sayar da gumin Baba ba, wata tana can gidan miji a Kaduna abin da ta sani kawai a da ana turo mata kaza yanzu ya ragu. In kana da gidan haya kana raye, ka tattara takardunsa wuri ɗaya, ka buɗe masa asusunsa, ka sa a san wa ke biyan nawa, ka nuna wa ɗaya daga cikin 'ya'yan yadda ake yi tun kana gani. Mu sai da muka wata uku muna binciken wa ya biya wa bai biya ba, domin duk lissafin a kan Baba yake, wani ɗan hayan ma ya rantse ya biya shekara biyu gaba kuma babu mai ƙaryata shi.

Satin da ya wuce ƙanwata ta kira, bayan gaisuwa ta ce "Yaya, wai bana shiru ne?" Ban ce komai ba, na tura mata hoton littafin a group ɗin gida: motar kwashe shadda zuwa biyu, bandir ɗaya na kwano, sabon injin bohol, ladan kafinta. Can ƙasa na rubuta abin da ya rage da rabon kowa, a gefe kuma na sa buhu nawa zai saya. Ta turo alamar dariya ta ce ita ba gini take ba, a turo mata nata haka nan.